Fatar da Apostle Ya Kawo daga Urushalima

Dokta Obadiah ya raina Apostle Haggai tun kafin ya sa shi a ido, kuma ranar da ya gan shi rainin ƙaruwa ya yi.

Shi Obadiah mutumin Pankshin ne. Ya bar gida yana saurayi don karatun Ibrananci, harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari da shi, ya kuma yi furfura a kansa. Yana koyarwa a wata ƙaramar kwalejin tauhidi a kudancin London, inda ɗalibansa ba sa cika tebur guda, rabinsu ma barci ke kawo su. Amma idan wani gidan ajiyar tsofaffin littattafai ya samu fata mai rubutun Ibrananci ya rasa daga ina ta fito, shi ake nema. Zai gyara tabarau, ya sunƙuya, wani lokaci har ya shinshina, sannan ya ɗago ya ce wannan hannun mutumin Yaman ne, ko na Maroko, ko kuma shekaranjiya aka ƙera ta a bayan wani shago. Bai taɓa cewa eh a inda ya ga a'a ba. Da wannan kaɗai yake taƙama, don ba mota gare shi ba, flat ɗin da suke ciki a Camberwell ma gidan haya ne na ƙaramar hukuma, bangon banɗakinsa duk ya yi fumfuna.

Apostle Haggai kuwa direban tasi ne a da. Ya je Urushalima sau ɗaya tare da ayarin masu ziyara, ya dawo ya liƙa JP, lambar wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansa kamar yadda 'yan uwa ke yi, ya sayo ƙahon rago da farin mayafi mai ratsin shuɗi irin na addu'ar Yahudawa. Daga nan ya kama hayar wani tsohon sito a Old Kent Road, tsakanin wurin wanke motoci da shagon katifu, ya mai da shi coci. Kowace Lahadi yakan busa ƙahon har jijiyar wuyansa ta tashi, ya jefa wa jama'a kalmomin Ibrananci biyu uku da ya tsinto a waya. Obadiah ya taɓa jin ɗaya daga cikin wa'azinsa a wayar matarsa, sai da ya ajiye cokali ya bar tuwonsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne matar tasa, Kaneng, can take zuwa. Nas ce a babban asibitin unguwar, mace mai hankali, amma tun da aka kashe ƙanenta a rikicin da ya ɓarke can gida ta bar cocinsu mai natsuwa ta koma sito. A makon rasuwar, matan cocin Apostle suka cika flat ɗin, suka dafa, suka share, suka yi kuka tare da ita. Obadiah kuwa zama ya yi a gefen gado yana yi mata bayanin yadda masana suka saɓa a kan wahalar Ayuba. Har yau yana ganin shi ne ya fi taimaka mata.

Wata safiya tana guge farar rigar aikinta ta ce, "Baban Nanret, Daddy yana son ganinka."

"Daddyn wa? Ni ubana yana kwance a Pankshin."

"Ka san wanda nake nufi. Ya sake zuwa Holy Land, ya dawo da scroll, naɗin fata mai rubutu, wai tsohon gaske ne. Yana so ka duba masa ka yi confirming kafin Sunday."

Obadiah ya yi dariya ta hanci. "Takardar 'yan yawon buɗe ido ce aka jiƙa da shayi. Dubu nawa na gani."

"To je ka faɗa masa hakan mana. Amma don Allah ban da wulaƙanci, mutanena ne."

Ya tafi, ba don ita ba, sai don kwaɗayin ganin fuskar mutumin idan ya ji an damfare shi. A cikin bas ma shirya kalmomin yake yi, yana zaɓen waɗanda za su fi zafi ba tare da sun zama zagi ba.

Ofishin Apostle wani ɗaki ne da aka yanka da katako a ƙuryar sito. Ga hotonsa a bakin kogin Urdun, ga hotonsa a kan raƙumi, ga kwalaben man zaitun jere a kan kanta. Apostle ya taso da hannu biyu, ƙato ne mai fara'a, ya rungume Obadiah kamar tare suka yi kiwo.

"Doctor! Shalom, shalom! Yau gidan nan ya yi albarka."

"Ina abin?" in ji Obadiah.

Wata mata mai ɗaurin kai ta ɗauko akwati ta ɗora a kan tebur. Apostle ya ce wannan ita ce Deaconess Damaris, tela ce, shagonta na Rye Lane. Ta buɗe akwatin ta warware leshi mai ƙyalli, sai ga naɗin fata ja-ja, tsawonta bai wuce tabarmar yaro ba.

Obadiah ya sunƙuya da murmushin da ya taho da shi. Bai ɗago da wuri ba.

Ƙamshin ne ya fara gaya masa. Fatar akuya ce da aka jeme da hannu, irin jimar da aka daina tun kakannin kakanni. Ya karkata ta wajen taga, sai ga layukan da marubucin ya zana da tsinke kafin ya sa tawada, haruffan kuma suna rataye a ƙarƙashin layin kamar shanya a igiya. A gefe ga ɗinkin jijiya inda aka haɗa ta da 'yar'uwarta, wani mugun ɗan kasuwa ya farke su ya sayar dabam-dabam. Hannun mutumin kudancin Maroko ne, daga ƙauyukan bayan duwatsu, ya yi shekaru ɗaruruwa. Wani yanki ne na Attaura, inda ake koya wa firist yadda zai duba gidan da bangonsa ya yi fumfuna, ya sa a kankare, in ta dawo a rushe. A wuri ɗaya tsohon marubucin ya yi kuskure, ya kankare harafin da wuƙa a hankali ya sake rubutawa, har yanzu ana ganin gurbin. Duk rayuwarsa bai fi sau biyu ko uku ya riƙe irin wannan hannun ba, kuma ko yaushe da mai tsaro a kansa. Ga shi yau a cikin leshin biki, kusa da kwalbar maltina.

"Yaya, Doctor?" in ji Apostle. "Mai shagon da na saye ta a Urushalima ya ce healing portion ne. Ya ce duk ciwon da ke jikin mutum sunansa na ciki."

Obadiah ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Me za ku yi da ita?"

"Rabawa za mu yi! Ubangiji ya ce mini kada in ɓoye albarka a akwati. Sunday ɗin nan Deaconess za ta yanka ta ƙanana ƙanana, kowa ya samu nasa. Mai jiran takardun zama ya sa a passport, mai neman haihuwa ya sa ƙarƙashin pillow."

Damaris ta ciro almakashinta daga jaka ta nuna, babba mai baƙin hannu. "Na ma kai an yi mini sharpening, Doctor. Fata ce, sai da ƙarfi."

Obadiah ya dubi almakashin, ya dubi gurbin harafin da tsohon ya gyara. Ya ce ko za a bar ta ɗungum a sa a gilashi, mutane su riƙa gani. Apostle ya ce ai albarka ba kallo ba ce. Ya ce akwai gidajen ajiya da za su karɓe ta hannu biyu, su ma sa sunan Apostle a jiki. Apostle ya yi dariya ya ce shi bai haye teku don ya kai wa Turawa abin da Allah ya ba 'ya'yansa ba.

A nan dabara ta zo wa Obadiah, ta kuma zo masa da sauƙi saboda yana ganin ya gama karanta mutumin. Ɗan kasuwa ne, in ji zuciyarsa, mai sayar da ruwa da mai da ƙaho. Ɗan kasuwa kuwa in ya ji hajarsa jabu ce, kuma akwai wanda ya sani, ɓoye ta zai yi ya nemi wanda zai raba shi da ita a asirce. Idan ya ce ta gaske ce, almakashi. Idan ya ce jabu ce, zai fita da ita a hammata yau ɗin nan. Bai taɓa yin ƙarya a kan fata ba, amma ya gaya wa kansa cewa yi wa irin wannan ƙarya ba ƙarya ba ce.

Ya cire tabarau, ya girgiza kai a hankali.

"Apostle, ka yi haƙuri. An cuce ka."

Ya kuwa yi ƙaryar da gwaninta, don babu mai iya ƙarya a kan abu kamar wanda ya san shi. Ya nuna jan fatar ya ce rini ne. Ya nuna tsagewar tawadar ya ce a tanda aka gasa ta don ta yi kamar ta tsufa. Ya ce rubutun ma ba Attaura ba ne, tarkacen haruffa ne da ba sa ba da ma'ana, wani yaro ne ya kwaikwaya bai san me yake zanawa ba. Yana magana yana jin daɗin yadda fuskar Apostle ke saɓulewa.

"Ba Kalmar Allah ba ce?" Apostle ya tambaya. Muryarsa ta zama ƙarama.

"Ko kusa."

"To mene ne aka rubuta? Wa ya san abin da suka sa a ciki?"

"Shirme ne kawai. Kawo in tafi da ita in yi maka disposing, babu wanda zai ji. Sai ka ce wa mutanenka an samu delay."

Ya miƙa hannu. Apostle ya dafe fatar da tafinsa. Damaris ta mai da almakashinta jaka, ta ja da baya daga teburin har ta jingina da bango.

"Bar ta tukuna, Doctor. Zan nemi fuskar Ubangiji a kai. Ka zo Sunday, don Allah, ka zo da kanka."

Obadiah bai so haka ba, amma ya ga idan ya matsa za a gane. Ya fita yana cewa a ransa neman fuskar Ubangiji ke nan, wato neman ƙaryar da za a shara wa jama'a. Ranar Lahadi bayan an watse za a miƙo masa ita ta ƙofar baya. A makon nan har ya kira wata abokiyar aikinsa mai gyaran tsofaffin fatu, ya ce ta tanadi kwali, zai kawo mata abin da zai sa ta riƙe baki. Kaneng ta tambaye shi yadda suka yi, ya ce mata Daddynta yana nan lafiya, ya ci gaba da karatunsa.

Ranar Lahadi ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya ɗauki jakar da ya shimfiɗa wa farar takarda a ciki. Kaneng sai murna take, rabon da su shiga coci tare an daɗe. Aka kai shi kujerar gaba mai hannu, aka ajiye masa ruwan roba. Ya zauna ya harɗe ƙafa yana kallon mutane suna rawa da tsalle, masu gadi da masu share ofis da masu kula da tsofaffi, duk sun sha ado sun zo a yi musu wasa da hankali. Ganga na dukan ƙirjinsa. Ya duba agogo ya fi a ƙirga.

Can Apostle ya hau dandamali, ba ƙaho, ba mayafi. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"'Ya'yana, yau na zo da kunya."

Obadiah ya gyara zama don ya ji yadda za a murɗa zancen. Amma mutumin bai murɗa komai ba. Ya faɗi yadda ya shiga shagon, yadda ya yarda da mai shagon, yadda ya yi niyyar yanka fatar ya raba. Ya ce saura ƙiris ya sa wa kowannensu abin da bai san asalinsa ba a ƙarƙashin matashin kai, kusa da kan 'ya'yansu. Hawaye na zuba masa na gaske, har yana share hanci da bayan hannu.

"Rubutu ne da ba Kalmar Allah ba, an yi shi da kamar Kalmar Allah, an naɗe a fata. Ku da kuka fito daga gida, me ake kiran wannan?"

"Laya!" jama'a suka amsa baki ɗaya.

"Laya! Maƙiyi ya so ya shigo gidan nan ta hannuna. Amma Allah ya ajiye mana mutum mai gaskiya, wanda bai ji tsoron fuskata ba. Doctor, tashi su gan ka!"

Aka ɓarke da tafi da guɗa. Kaneng ta riƙe hannunsa tana kuka don alfahari. Obadiah ya miƙe rabi ya tsaya, don ya san abin da ake yi wa laya a coci. Yana yaro ya gani a Pankshin, duk wanda ya tuba sai ya kawo layunsa da ƙahonninsa a tara a bakin coci a cinna musu wuta ana waƙa. Kakansa ma haka ya yi. Ya san wannan kamar sunansa, amma ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba, saboda bai taɓa tunanin Apostle ya gaskata abin da yake faɗa ba.

"Mu fita waje!" in ji Apostle.

Jama'a suka ɗunguma ta ƙofar baya zuwa filin da ake ajiye motoci, suka tafi da Obadiah a tsakiyarsu kamar ango. An riga an jawo rabin duron da suke gasa nama da shi ranar bikin coci, an zuba gawayi da tsofaffin jaridu. Damaris ta fito da fatar a kan faranti, ta sa safar hannu ta roba don kada ta taɓa ta. Wani mai hidimar coci ya tsiyaya mata man kunna gawayi, man ya bi layukan da tsohon ya zana, ya taru a gurbin harafin nan.

Obadiah ya kutsa ya kama hannun rigar Apostle. "Apostle, dakata. Mu yi magana a ofis."

"Babu sauran ɓoye-ɓoye, Doctor. Ga lighter, kai ka tona asirinta, kai za ka kunna."

Ya dubi abin da aka sa masa a tafi. Ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ga matarsa, ga mutanen da ya gama rainawa tun safe, duk suna jiran mai gaskiya. Sai da ya ɓata lokaci yana neman hanyar da zai faɗa ba tare da ya zubar da kansa ba, bai samu ba.

"Ta gaske ce," ya ce.

Ganga ta hana a ji. Ya ɗaga murya har ta tsage.

"Ta gaske ce! Attaura ce, Kalmar Allah ce! Ƙarya na yi maka! Ta fi kakan kakanka tsufa, kada ku taɓa ta!"

Mai ganga ya tsaya. Obadiah ya jefar da lighter ya kai hannu cikin duron. Apostle ya ja da baya yana kallonsa, idanunsa suka buɗe, ba fushi a ciki, tausayi ne zalla. Ya kai makirufo baki.

"Kun ji? Kun ji da kunnenku? Mutumin da ya duba ta da hankalinsa ya ce jabu ce. Yanzu da ta ga wuta, abin da ke cikinta ya kama bakinsa yana roƙon ransa! Ku riƙe shi! Ku riƙe mini Doctor, kada ya ƙone!"

Ƙarti biyu masu aikin gadi suka rungumo shi ta baya, suka ɗaga shi cak suka durƙusar da shi a kan kwalta. Tabaransa ya faɗi. Ya yi ta ihu yana kawo hujja, jimar fatar, ɗinkin jijiyar, hannun mutanen Maroko, ya ce a kira kowane masani a London a tambaya. Da ya ga ba a ji, sai ya shiga karanto abin da ke jikin fatar da ka, da Ibrananci, da ƙarfi, don su ji cewa magana ce mai ma'ana. Mata suka yi kururuwa suka ja 'ya'yansu baya.

"Yana manifesting!" in ji Damaris. "Aljanin ya bayyana! Ku ji yaren da yake yi!"

Wani ya tsinci lighter. Wutar ta tashi fuu, jama'a suka ɗauki waƙar nasara da Hausa, irin ta gida, ganga ta dawo. Ba tabarau, Obadiah ba ya ganin komai sai ja da baƙi, amma hancinsa na aiki. Warin ya iso masa, irin na ganda idan ana babbaka ta. Ya ji ƙarar fatar tana ƙanƙancewa tana naɗe kanta.

Hannaye suka sauka a kansa da kafaɗunsa ta ko'ina, masu nauyi, masu gumi, kowa na ihun a fita a bar bawan Allah. A cikinsu ya gane guda ɗaya, mai sanyi, mai ƙamshin sabulun asibiti. Kaneng ta durƙusa a gabansa ta tallabe fuskarsa, hawaye na ɗiga daga haɓarta.

"Kaneng," ya ce, muryar ta kusa ƙarewa, "ke kin san ni. Gaya musu. Gaskiya nake faɗa."

"Na san ka, Baban Nanret," ta ce tana shafa masa kai. "Shi ya sa na san ba kai ke magana ba. Mijina bai taɓa yin ƙarya a kan aikinsa ba."

Ta rufe ido ta ci gaba da addu'a da dukan ƙarfinta.